Kafin Ki Karɓi Jaririyar Nan

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki Malam Bashir. Allah Ya sa wannan ƙaura taku zuwa Yanbu ta zama alheri, Ya kai ku lafiya, Ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoronSa. Babanki yana gaishe ku, yana ta sa muku albarka. Na san karatun Hausa yana yi miki nauyi, amma ki daure, domin da ita na fi iya faɗin abin da ke raina.

Ranar da kika zo sallama kin nuna min hoton wata jaririya a wayarki. Kika ce wata mata mai suna Ummu Salim, wadda ta ce tana da jam'iyya, wato ƙungiyar taimakon marayu, za ta iya miƙa muku ita kafin ku bar Makka. Kika ce Hauwa, ƙanwar mijinki, ta kusa yaye ɗanta, in kuka tsaya jiran hukuma nonon zai ƙafe, ba wadda za ta shayar da yarinyar ta zama muharramar Bashir. Ban ce miki komai ba a ranar, saboda harshena ya yi nauyi. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da wani ruɗani da ke damun mutanenmu a garin nan, wanda ni ma ya daɗe yana damuna. Abu uku muke cakuɗawa. Akwai riƙo irin na gida, inda yaya za ta ɗauki 'yar ƙanwarta ta raine ta, kowa ya san uwa, kowa ya san uba, ranar Salla a kai yarinya ta gaishe su. Akwai tabanni, wato ka ɗauki ɗan wani ka laƙa masa sunanka ka ce kai ka haife shi, wannan kuwa addini ya hana. Sai kafala, ka rungumi maraya a gidanka da sunansa da asalinsa, da sanin hukuma, wannan shi ne aikin lada. Wasu suna jin an ce ɗaukar maraya sai su ce haramun ne, tabanni suke nufi. Wasu kuma, irina, suna zaton riƙon da suka sani a Kano zai yi aiki a Makka. Ba zai yi ba. A can dangi ne shaidar yaro. A nan kuwa yaron da ba shi da takarda, ko duk unguwa ta san shi, ƙofar makaranta ba ta san shi ba, ta asibiti ma haka.

Mutane sun sha mamakin yadda nake kiran sunanki gatsau, alhali ke ce 'yar fari. A zuciyata ba ke ce ta fari ba. Yayarki Zulai ce, wadda har yau a takarda kaɗai nake iya kiran sunanta. Kin san ƙarshen labarinta, kina yarinya ta tafi. Farkonsa ne ba ki sani ba.

Na zo garin nan daga Kano ina amarya, da takardar shaidar malanta a akwatina. Na shiga koyar da 'yan mata karatu a nan Hindawiyya, kowa Abla Rabi, Abla Rabi, yadda ake kiran malama a nan. Shekaru suka yi ta wucewa ba haihuwa. 'Yan matan da na koya wa baƙi sai ga su da goyo sun zo gaishe ni. Babanki ɗan ƙasa ne, muna da damar neman maraya ta hanyar hukuma, kuma na je gidan marayun sau ɗaya. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ni ta yi ta tambaya. Ɗakunanku nawa? Mijinki yana so, ko ke kaɗai ce? In kika haihu daga baya, ina matsayin wannan? Ta ce za su zo su duba gidan. Na tuna ɗakunanmu biyu da bangon da ruwan tanki ya ci, na ji kamar ta tuɓe ni a kasuwa. Na tashi na fita, ban koma ba.

A unguwar Jarwal akwai wata Hajiya Dudu mai dafa wa alhazai tuwo, Allah Ya jiƙanta, ba wanda ba ta sani ba. Na kai mata kukana, sai ta ce, "Haba Abla! Ke da kike tarbiyyar 'ya'yan mutane, wa zai tsaya yi miki tambaya? Ki zo da zanin goyo kawai, khalas, shi ke nan." Bayan aikin Hajji ta aiko a kira ni. Na je da la'asar, ta miƙo min jaririya daga bayan tukwane, jikinta duk ƙamshin hayaƙi. Wallahi Nafisa ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ban taɓa yin kuskure irin na ranar ba.

Abin da na gane bayan na sha wuya shi ne, matar da ta tsare ni da tambaya, yarinya take yi wa aiki. Wadda ba ta tambaye ni komai ba, ni take faranta wa rai. Jaririya ba ta da bakin da za ta bincika hannun da za a sa ta, dole wani ya bincika a madadinta. Don haka in kika shiga wuri aka karɓe ki da murmushi aka ce ai an yarda da ke, ki ji tsoro. In aka tsare ki da tambayoyin da suka sosa miki rai, aka ce sai an ga ɗakin kwananku, sai an ji daga bakin Bashir shi kaɗai, ki zauna ki amsa. Ummu Salim ta tambaye ki wani abu game da kanki? Ki tuna da kyau.

Babanki ya fi ni hankali a ranar. Ya bar taksinsa a bakin lungu ya biyo ni ciki. Ya ce, "Hajiya, ina uwar yarinyar?" Ta ce Allah Ya yi mata rasuwa. Ya ce, "Allah Ya jiƙanta. Wa ya yi mata sutura? A ina aka kai ta?" Hajiya Dudu ta buga cinya ta yi dariya, ta ce, "Kai Alhaji, direba ne kai ko alƙali? Matarka na kuka shekara da shekaru, an share mata hawaye, kai kana neman kabari!" Na harare shi ta cikin niƙabi, ya yi shiru. Ni na rufe masa baki, domin ina tsoron amsar.

Uwar tana da rai. 'Yar Maraɗi ce, ta zo aikin Hajji ta zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama, tana tallan goro da turare a gefen titi. Ranar da aka kama ta, ta bar jaririyar wurin maƙwabciya da niyyar ta dawo kafin azahar. Aka mayar da ita ƙasarsu ba ta sake ganin 'yarta ba. Shekara da shekaru, duk wanda zai zo sauke farali daga garinsu sai ta bi shi har tasha da roƙo, ya tambaya mata a Jarwal. Ni kuma ina nan ina wa 'yarta kitso, ina gode wa Allah da Ya ba ni marainiya.

Kin ce Ummu Salim ta ce uwar wannan jaririyar "ba ta so". Macen da ba ta da takarda, tana aikatau a gidan mutane, tana tsoron ƙarar kowace mota, za ta iya cewa ba ta so yau. Tsoro ne yake magana da bakinta, kuma tsoro yana wucewa. Yarinyar da uwarta ke raye ba marar kowa ba ce. In tausayinta kike ji, ki taimaki uwar ta riƙe abarta, ko ta koma gida da ita a bayanta. Wurin da ya cancanci ki karɓi yaro daga hannunsa shi ne wanda zai iya gaya miki ta yaya yaron ya zo, wace hukuma ta bincika, kuma an tabbatar ba wanda ke nemansa.

Sai maganar takarda, wadda na ɗauka ƙaramar magana ce. Na ce ai mijina ɗan ƙasa ne, daga baya a gyara. Ba a gyara ba. Ba shaidar haihuwa, ba sunan uba, ba wanda zai tsaya ya ce ga inda ta fito ba tare da ya jefa kansa cikin masifa ba. Hanya ɗaya da aka nuna mana ita ce babanki ya rantse cewa shi ya haife ta, ya ce ba zai yi wa Allah ƙarya a Makka ba, kuma ya yi gaskiya. Haka Zulai ta tashi. In zazzaɓi ya kama ta, kantin magani muke zuwa, ina addu'a kada ya wuce nan. Ni malama, 'ya'yan unguwa duk sun bi ta hannuna, tawa ba ta taɓa zama a aji ba. A tabarma na koya mata komai, kuma ta fi yawancinsu kai. Da Allah Ya kawo ki, kika isa shiga makaranta, ita take goge miki maryul ɗinki, rigar makarantar nan, ta rataye a ƙofa. Wata safiya tana gugar ta ce, "Ummi, ni yaushe za a ɗinka min nawa?" Na ce baɗi. Ta ce, "Bara ma haka kika ce." Ta ci gaba da guga, ba ta sake tambaya ba.

Saboda haka kafin ki tambayi watannin yarinya ko lafiyarta, ki tambayi sunan da aka rubuta mata, da wanda ya rubuta, da lambar da za ki kai asibiti in ta kwana da zafin jiki. Jam'iyyar da hukuma ta ba lasisi tana miƙa yaro ne da takardunsa, da sunan da ba na mijinki ba, kuma haka ya kamata. Duk wanda ya ce miki "daga baya a gyara", maganata ce ta wancan lokacin yake maimaita miki.

Yanzu na zo inda ya fi min ciwo, kuma nan ne nake ba ki gaskiya. Maganar nono ba wasa ba ce. Lokacin da na kawo Zulai, gwaggonki Talatu, ƙanwar babanki, tana goyon ɗanta. Ta zo barka, ta zauna, ta buɗe mayafi ta ce, "Rabi, miƙo min ita nan. Nonon ya ishe su su biyu, kin ga sai ta zama 'yar Yaya ta halak." Na ƙi. Na ce madarar gwangwani ta karɓe ta, kada a ɓata mata ciki. Talatu ta ce, "To Abla, ke ce mai littafi." Na san hukuncin sarai, ni nake karantar da shi. Kishi ne kawai. Na kasa jure in ga wata mace ta ba ta abin da ni ba ni da shi. Talatu ta sake yi min tayi kafin ta yaye, na sake kawo wani dalili. Yarinya ta wuce shekara biyu, ƙofa ta rufe.

Ta tashi ba ta da kowa kamar babanki. In ya dawo daga aiki ita ke rugawa ta karɓi ledar burodi, ta zauna a bayansa tana cire masa furfura tana yi masa tsiya, wai ya tsufa ya bar tuƙi. Da ta zama budurwa, ya je ya tambayi malami a masallaci, ko da yake ya san amsar. Ya dawo ya zauna a bakin ƙofa ya ce in gaya mata. Na kira ta ɗaki na miƙa mata mayafi, na ce daga yau in Abuya yana gida ta riƙa rufe kanta, kuma ba sauran zama su biyu. Ta dube ni, ta fita da mayafin a hannu ta tsaya a gabansa ta ce, "Abuya, me na yi?" Ya kasa ɗaga kai. Ya tashi ya shiga mota ya zauna, bai tayar da ita ba.

A ranar ta san ba mu muka haife ta ba. Ban taɓa gaya mata ba, na hana kowa ya gaya mata. Abin da ya kamata ta sha a hankali tun tana ƙarama, a kan cinyata, sai ta haɗiye shi gaba ɗaya a tsaye, da mayafi a hannu. Daga ranar ta daina dariya da ƙarfi a gidan.

Kin ga ba zan ce miki saurinki ba shi da tushe ba. Amma nonon Hauwa zai gyara zaman yarinyar da Bashir ne kawai. Ba zai buɗe mata makaranta ba, ba zai share hawayen uwar da ke wani gida tana wanke-wanke ba. Kuma Hauwa ba ita kaɗai ce hanya ba. Matar kowane ɗan'uwan Bashir in ta shayar, hukuncin ɗaya ne, kuma gidansu ba a rasa mai goyo. Ki bi abin da malaman nan suke bi, shayarwa biyar masu ƙosarwa kafin shekara biyu, da shaidu, a kai kotu a rubuta. Kada ki bar shi a bakin mata, mata suna mantuwa, suna mutuwa.

Saƙon uwar ya iso mu ta hannun wata hajiya, bayan Hajiya Dudu ta faɗi gaskiya a ciwon ajalinta. Da hukuma ta ba marasa takarda damar fita ba tare da hukunci ba, Zulai ta ce za ta tafi. Na riƙe ƙafarta ina kuka. Ta ce, "Ummi, ban ƙi ki ba. Amma a gidan nan ni baƙuwa ce, a titi ni mai laifi ce. Bari in je inda wani zai ce tasa ce ni." Ta tafi ƙasar da ba ta taɓa gani ba, da Hausarta rabi Larabci. Can Balarabiya suke ce mata. Ta samu uwarta da rai, alhamdu lillahi, ta yi aure, tana ɗinki, tana da 'ya'ya. Ta yafe min tun ban roƙa ba. Amma yafiya ba ta mayar mata da shekarun makaranta ba.

Ban so in ba ki labarin kuka kawai ba, don haka a makon nan na sa abayata na fita da kaina. Wuri na farko da na je, mutanen kirki ne, amma ashe aikinsu tallafa wa marayun da ke hannun iyayensu mata ne, ba sa ba da yaro. Wannan ma ki lura, suna ɗaya ne, kafala, aiki biyu ne. Na biyun su ne masu haɗa jarirai da iyalai. Lasisinsu yana rataye a bango, na sa wata tsohuwar ɗalibata ta duba min a shafin ma'aikatar gwamnati mai ba da shi, ya dace. Na ce wa ma'aikaciyar ta nuna min hotunan yaran. Ta ce, "La ya Khala, a'a Gwaggo, ba ma nuna su. Ba kaya ba ne." Na ji kunya, na kuma ji sanyi a raina. Ta ce jira yana iya yin tsawo, ba za ta yi min alkawarin wata ba. Ta ce shayarwa sharaɗi ce a wurinsu, shi ya sa ƙanana suke bayarwa, har suna haɗa mace da likita, wasu matan da ba su taɓa haihuwa ba Allah Yana saukar musu da nono su shayar da kansu. Ki ji wannan, Nafisa! Da a zamanina ne! Suna zaunar da iyaye su koya musu yadda ake gaya wa yaro asalinsa tun yana ƙarami. Kuma bayan sun ba da yaro suna dawowa su duba, ba sau ɗaya ba.

Na kuma tambaye ta maganar da ake yaɗawa a unguwa, wai ba a ba irinmu baƙaƙe yaro. Ta ce abin da suke dubawa shi ne iyali 'yan ƙasa ne, da lafiyarsu da halinsu da zamansu, kuma suna ƙoƙarin haɗa yaro da gidan da ya yi kama da shi don kada a riƙa nuna shi a titi. Ban ce duk mai lasisi ya gama kyau ba, kuma ban ce ki tsaya a inda na je ba. Tunda Yanbu za ku zauna, ki tambayi kowannensu wa zai riƙa zuwa gidanku a can, wa za ki kira ranar da yarinya ta yi miki tambayar da ba ki da amsarta. Wanda ya yi in-ina a nan, ki wuce gaba.

Ba na so ki bar jaririyar nan don na ce ki bari. Ki gwada da kanki. Ki kira Ummu Salim, Bashir yana zaune, ki ce kuna so ku zo ofishinta ku ga lasisi, kuna so ku san sunan da ke takardar yarinyar, kuna so ku ga uwar ido da ido. Ki saurari muryarta. In ta ce kin cika bincike, ko akwai wasu suna jira in ba ki so, kin ji amsarki. Sannan ki kai tambayoyin nan inda na je, ki ga yadda za a karɓe su.

Bayan haka ki kira yayarki. Jiya na yi mata waya na gaya mata halin da kike ciki, na nemi izninta kafin in rubuta miki sirrinta. Sai ta ce, "Ummi, ki ce wa Nafisa ta kira ni kafin ta je da zani. Jaririyar ba ta iya magana ba tukuna. Ni na iya."

Allah Ya tsare hanyarku, Ya tsare ku a inda za ku sauka. Allah Ya ba ki haƙurin jira, Ya sa a hannunki yaron da ba wanda ke kuka a bayansa, Ya ba ki ikon riƙe shi da gaskiya. Jaririyar da ke cikin wayarki kuma, Allah Ya bar ta da uwarta cikin aminci. In kun isa ki sanar da mu.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Rabi